Baba Ya Shiga Kwale-kwale

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Ina gajiya, yaya iyali, yaya zaman Ikko? Mu nan Jibiya lafiya lau, alhamdu lillahi.

Bana gulbi ya cika, rabonmu da ganin haka tun kafin fari. Ruwan ya kwanta, ba ya ja, har samari na yawo da kwale-kwale bayan la'asar. Ka san tun rasuwar Inna, Baba bai wuce masallaci ba. To ran Juma'a Kawu Ilu ya zo ya ce, "Malam, taso mu shiga jirgina ka sha iska." Na ce, "Kawu, ciwon ƙafarshi fa?" Baba ya ce, "Ke Binta, da ƙafa ake tuƙi?" Shi ya amshi filafili, ya kai su har tsakiyar ruwa. Yaya, daga gaɓa na jiyo dariyarshi, sai da na yi hawaye.

Baba ya ce in tuna maka, da kaka ta yi gulbin zai koma rairayi. Ka nemi hutu ka zo, kai yake son ɗauka.

A gaishe da Hajara da yara. A sa mu cikin addu'a.

Ƙanwarka,
Binta