Tukunya Mai Kunne Ɗaya

Corcelot, 9 ga Satumba, 1958

Yaya Huguette,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ki rufe ƙofa kafin ki karanta wannan.

Asabar ɗin da ta wuce ce ta juya mini rayuwa. Kin san tun da aka kawo ni gidan nan, surukata Mama Germaine ba ta bari in taɓa komai a kicin sai wanke-wanke da ferar dankali. To, ran Juma'a sai ga ta ta sauko da baƙar tukunyar ƙarfen nan mai kunne ɗaya, wadda ta gada daga mahaifiyarta, ta dire a gabana. Ta ce, "Naman Lahadi naki ne. Mu gani ko 'yan birni sun san wuta."

Na yi komai yadda mahaifiyarmu take yi. Na yanka naman sa manya-manya, na jiƙa shi a jar giyarmu da karas da albasa da tafarnuwa da ganyen ƙamshi, ya kwana. Da safe na tsane shi, na soya a kitsen alade har ya yi ja, na barbaɗa fulawa, na mayar da giyar, na rufe. Abin da ya rage kawai a bar shi a ƙaramar wuta har yamma.

Kowa ya tafi gonar inabi. Sai na ce bari in cika murhun da itace gaba ɗaya don kada in riƙa tashi, na ɗauko littafin soyayyar nan da kika aiko mini. Yaya, na zo daidai wurin da matuƙin jirgin ruwan ya dawo gari bai gane masoyiyarsa ba. Na yi kuka, na share hawaye, na ci gaba. Hayaƙin da ya cika ɗakin ma da farko na ɗauka idona ne.

Gawayi na tarar. Na binne shi a bayan akurkin kaji, na kankare tukunyar da yashi, na ɗaure ta a bayan keke, na nufi garin Beaune. A bayan tashar jirgin ƙasa akwai wani ɗan gidan abinci da ma'aikatan jirgi suke ci, inda na san babu wanda ya san ni. Wata tsohuwa mai ɗingishi ce a wurin. Na ce ta cika mini da naman sa na giya. Ba ta dube ni ba, tukunyar ta duba. Ta shafa gurbin kunnen da ya karye da babban yatsanta.

"Ina kika samo wannan?"

Na ce ta gidanmu ce.

"Kuma kika kankare ta da yashi. Hm." Ta cika ta har wuya. "Gobe kada ki tafasa, ɗumamawa za ki yi. Kuma ki tuƙa a hankali, 'yar nan, ba ruwan rijiya kika ɗauko ba."

Ran Lahadi bayan an taso daga coci aka zauna ci. Mijina Firmin ya yi loma ɗaya ya lumshe ido. Mama kuwa cokali ɗaya ta kai baki ta ajiye. Ta ce, "Wa ya ce ki sa ɓawon lemo?"

Ni da ban ma san da shi a ciki ba! Na ce, "A littafi na gani, Mama."

Ta tashi ta fita. Da ta dawo idonta ya yi ja. Ta ce, "Ke za ki dafa na walimar gama tsinkar inabi." Yaya, kin san walimar nan: duk 'yan tsinka da maƙwabta, teburi daga bakin ƙofa har rumbu.

Firmin kuwa ya bi ƙauye yana shelar ya auri wadda ta fi kowa hannu. Jiya ya kawo mini furanni, abin da nake ta jira tun ranar aure. Na kasa ko shinshina su.

Ki faɗa mini yadda zan yi. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Odile


Dijon, 13 ga Satumba

Odile, sarauniyar gawayi,

Gaisuwa. Muna lafiya, sai ƙaramin da haƙori ke damunsa.

Na yi dariya har maigida ya leƙo ko lafiya. Ke dai ba za ki sake hali ba. Da ma ke kika ƙona mana madara ranar da kika karanta labarin 'yar sarkin nan, yanzu an kai ga sa guda. Da fatan dai matuƙin jirgin ya gane yarinyar, kada naman ya tafi a banza.

To saurara. Naman nan ba gaggawa yake so ba, zama yake so. Wutar da za ki iya riƙe hannu kusa da ita, ki ɗaga murfi ki ga yana ɗan motsi kamar mai barci. Ƙananan albasa da naman kaza, wato laimar kwaɗi, a soya su daban, a zuba a ƙarshe. Ki sayi lemo ki gwada, kina da lokaci kafin walima. Littafin kuma ki ba kaji ajiya.

Amma abu ɗaya ya tsaya mini. Surukarki matar da ake cewa in ta kurɓi giya za ta faɗi gangaren da aka tsinko inabin. Wannan ce za ki ce wa a littafi kika gani, ta yarda? Kuma me ya sa ta kuka? Ban taɓa jin nama ya yi daɗin da zai sa wannan matar hawaye ba. Ki buɗe ido.

Ki gaida Firmin, bawan Allah.

Yayarki,
Huguette


Corcelot, 21 ga Satumba

Yaya,

Gaisuwa da godiya. Allah ya sawwaƙe wa yaro. Kin yi gaskiya, kuma da ma ba ki yi ba.

Na gwada. Na zauna a gaban murhu kamar mai jinya, ko takardar da aka naɗo naman ban karanta ba. Ya yi laushi, amma ɗaci ya ɓata romon. Firmin ya ci ya ce, "Yau hannun ya ɗan gaji, ko? Ba komai, gwana ma tana tuntuɓe." Sai ya shiga ba ni labari.

Ya ce na farkon nan shi ne sak irin na kakarsa. Mutum biyu kawai suka iya shi a duniya, kakar da ƙanwar mahaifiyarsa, Inna Léonie. Mama ta yi ta gwadawa shekara da shekaru ba ta kama shi ba. Na ce ban taɓa jin yana da inna ba. Ya ce ba a ambatonta a gidan. Da kakar ta rasu aka raba gonar inabi tsakaninsu, layi-layi. Innar ta sayar da nata layukan ga maƙwabcin da ba a ga maciji da shi, a tsakiyar gonar gado. Mama ta rantse a gaban mutane cewa innar ba za ta ƙara tako ƙofar gidan nan ba.

"Tana can bayan tasha a Beaune tana sayar da abinci," in ji shi. "Ko titin ba ma bi. Ta sa mahaifiyata kuka, ni kuwa ba na mantuwa."

Yaya, da ƙasa za ta tsage da na shige. A duk gidajen abincin garin nan, nata na kai tukunyar uwarsu!

Ban gama farfaɗowa ba, washegari ina wanke kwanuka Mama ta shigo. Ta ɗanɗana ragowar romon da yatsa, ta yatsine fuska. "Ɗanyen ɓawo kika sa, har da farin cikinsa. Busasshe ake sawa, na lemon Kirsimeti." Ta ɗauki tawul tana goge kofin da ya riga ya bushe. Ba ta dube ni ba ta ce, "Littafin nan naki, har yanzu yana ɗingishi?"

Na ce, "Yana yi, Mama."

"Ya rame?"

"Kaɗan."

"Da ma ba ya cin abinci sai ya ciyar da kowa." Ta ajiye kofin. "Walima saura kaɗan. Ki koma ki sake duba shi. Ƙofar baya ba na kulle ta, kuma Firmin ba ya shiga kicin."

Ta fita ke nan. Kin gani? Ta sani tun cokalin farko. Ta bar ni ina karɓar yabo ina sunkuyar da kai. Ita ma so take ƙanwarta ta shigo, amma rantsuwar da ta yi a gaban mutane ta tsaya mata a wuya. A littattafaina, a irin wannan wurin wani yakan kwanta ciwo, a taru a bakin gadonsa a yafi juna. Nan kuwa kowa lafiyarsa ƙalau.

Na rubuta wa Inna Léonie. Na ce ta zo da sassafe ranar jajiberin walima ta ƙofar baya, ta dafa, ta tafi kafin a dawo daga gona. Mama ta ga ƙanwarta, Firmin ya ci gaba da alfahari da ni, kowa ya tsira da mutuncinsa. Ba dabara ba ce mai kyau?

Taki,
Odile


Beaune, 24 ga Satumba

Zuwa ga matar Firmin,

Na gaishe ki. Saƙonki ya iso. Rubutunki ya fi girkinki kyau.

Na gane tukunyar tun kina kwance ta daga keke. Ni na karya kunnen nan ina yarinya, Germaine ta ce ita ce, aka dake ta a madadina. Saboda wannan na cika miki. Ba zan sake ba.

A gidan nan aka haife ni, a ɗakin da kike kwana. Na yi abin da ya ɓata wa yayata rai, na sani, kuma zan iya faɗa mata a fuskarta. Amma ba zan shiga gidan uwata ta ƙofar baya kamar mai sayen fatar zomo ba. In ana so na, ɗan yayata ya zo da motar gona ya ɗauke ni, ya sauke ni a ƙofar gaba, rana tsaka. In ya so sai in koya miki, ki dafa da hannunki, ina zaune.

Ki shafa wa tukunyar mai, ki ɗora a wuta ta sha. Yashin nan ya cuce ta.

Ki huta lafiya.
Léonie


Corcelot, 27 ga Satumba

Yaya Huguette,

Gaisuwa. Ga takardar Inna nan na haɗo miki, ki karanta ki dawo mini da ita.

Na nuna wa Mama. Ta karanta a tsaye, ta kai wajen kunnen tukunya ta daɗe. Ta ce, "Ni ban aiki kowa ba. Mota kuwa ta Firmin ce." Ta bar mini sauran.

An fara tsinka. Ɗazu na kai musu abinci gona, na ji Firmin yana ce wa 'yan tsinka, "Ku bar wuri a cikinku, ranar walima za ku san na yi aure." Suka yi shewa, wani ya ɗaga mini hula. Firmin ya juyo yana dubana kamar yadda ake duban mata a littattafai. Tun ina yarinya nake mafarkin wannan kallon, Yaya, ashe na tsohuwa mai ɗingishi ne na ara.

Ban san ko zai yafe mini ba. Ban san ko zai tada motar ba. Na shafa wa tukunyar mai, tana kan wuta. Yau in ya dawo daga gona zan kai shi bayan akurkin kaji, in nuna masa inda na binne naman, in faɗa masa wadda ta dafa.

Ƙanwarki,
Odile