Kwalabe Bakwai na Inna

Inna,

Ina gaisuwa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Tunda sun hana 'yan dubiya shiga ɗakin yara, ga takarda a cikin kular abinci.

Kwana huɗu ana yi wa jikanki allura ta jijiya, zazzaɓin ko gezau. Likita ta ce ƙwayar cutar nimoniya ce ta bar huhu ta shiga jini. Na ishe ta da tambaya har ta kai ni ɗakin gwaji. Ashe noman cuta suke yi! Sun shuka ƙwayoyin a faranti, suka ɗora magani kala shida. Guda ɗaya kawai suka guje wa. Sauran biyar ɗin sun kewaye su kamar 'yan biki. Wai sun saba da su.

Tana son sanin abin da ya sha a gida. Da digirina biyu na yi tsuru-tsuru, tunda ke ke riƙe shi in na tafi aiki.

Ki huta lafiya,
'Yarki

'Yar nan,

Sallama. Allah ya tashi kafaɗar maigidana. Ni ban taɓa ba shi maganin gargajiya ba. Na ruwan nan ne, in tari ya tsaya sai in ɗauke, in ajiye ragowar don gaba. Haka na yi muku kuka girma. Ga kwalaben nan guda bakwai.

Amma tambayar mini likitar: abin da ba ido ba hanci, ta yaya yake gane magani?

Innarki

Inna,

Ina gaisuwa. Ta ce ba ganewa ba ne. Rabin magani raunana yake kashewa, masu taurin kai su tsira, su hayayyafa, su bi tari zuwa gidan maƙwabta. Don haka ba ke kaɗai kika rene su ba.

Na shirya miki dogon wa'azi, sai ta jera kwalaben a tebur. Huɗu ni na sayo su a kemis, ba takardar likita.

An koma kan maganin nan guda da ƙwayoyin suka guje wa. Yau da hantsi ya yi gumi, ya ce a kira masa matarsa. Saura kwana goma a gama allurar.

'Yarki

'Yar nan,

Alhamdu lillahi. Ko ya tashi yana rawa, kada ki bari su cire allurar nan.

Innarki