Na Tara Mutane a Gidana, Abokina Ya Tafi da Aikin

Malam Badaru, assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin na kai inda ko ƙofar gida ba na son leƙawa.

Ni mai aikin wutar lantarki ne. Kafin yaƙi ina da 'yar warsha, wato shagon gyara, a Mantiƙa Sinaiya, unguwar masana'antu ta Khartum, ina gyaran janareta da injin ruwa. A can ba ruwana da surutu. Mutum ya kawo injinsa in gyara, ya tafi ya gaya wa wani. Da aka fara harbe-harbe muka gudu Gadarif wurin dangin matata, muka daɗe a can. Da muka dawo na tarar da warshar ba ƙofa, ba kayan aiki, har wayoyin bango an zare. Waɗanda suka san ni kuwa, wasu suna Masar, wasu sun rasu, wasu lambarsu ba ta shiga. Yanzu muna zaune a Umdurman a gidan kawuna. Na koyi haɗa wutar sola tunda ita kowa ke nema, amma a nan ba wanda ya san ni.

Ga kuma in'ina, tun ina yaro nake da ita. Da Hausa a cikin gida da sauƙi, amma in na juya Larabci a gaban baƙo sai kalma ta maƙale, in tsaya ina ta ja, mutum ya kau da kai don kada ya ba ni kunya. Wallahi wannan kau da kan ya fi mini dariya ciwo.

Matata Mariyamu ce ta kawo shawara. Ta ce masu sayar da faifan sola da batir a Kasuwar Libiya ta nan Umdurman kullum ana tambayarsu wa zai haɗa, to in gayyace su karin kumallo ranar Juma'a, su ci abincin gidana su san fuskata. Na kasa zuwa gayyata ni kaɗai, sai na roƙi abokina Wa'il ya raka ni. Tare muka koyi aiki, amma shi Allah ya ba shi baki, zai shiga shago yana baƙo ya fito ana kiransa da suna. Shi ya yi maganar, ni ina gefe ina gyaɗa kai.

Sun zo, Malam. Har da Alhaji Salih, wani dattijo mai manyan shaguna da ake jin maganarsa a kasuwar. Mariyamu da ƙanwarta tun asuba suke bakin murhu, dafaffen waken ful da tuwon asida da soyayyen kifi. Na yi kwanaki ina maimaita abin da zan ce, amma da suka zauna a tabarma sai na kasa zama da su. Na ɗauki buta na bi su da ruwan wanke hannu. Daga nan na koma ɗauko burodi, sai shayi, sai kofi. Duk sanda na ga gurbi a tabarmar sai in tuna wani abu da ba a kawo ba. Wa'il yana tsakiya yana bayanin yadda ake haɗa batir kada ya mutu da wuri, abin da ni na nuna masa, suna ta yi masa tambayoyi.

Da za su tafi Alhaji Salih ya riƙe hannun Wa'il yana sa masa albarka, wai abincin iyalinsa ya yi daɗi, Allah ya raya gida. Ina tsaye a bayansa da faranti. Wa'il ya yi sauri ya nuna ni ya ce ai ga mai gidan nan. Alhajin ya juyo yana ba ni haƙuri, na buɗe baki in ce ba komai, ko ita ba ta fito ba.

Ba a daɗe ba na ji Alhajin ya ba Wa'il aikin sola a shagunansa da wani ƙaramin asibiti na surukinsa. Wa'il yana ta kirana, ban ɗauka ba. Mariyamu ta ce a sake gayyata, na ce a'a, tun daga nan ta yi shiru. Jiya na ji tana tambayar maƙwabciya yadda ake fara sayar da shayi a bakin titi. Kawu ma ya fara tambayar yaushe za mu samu namu wurin. Na fara yarda cewa mutum irina sai dai a ƙarƙashin wani, ga shi shekaruna sun wuce in koma yaron shago. Shin Wa'il ne ya ci amanata, ko ni ne ba ni da amfani?

Naka, Wanda Baki Ya Ƙi Masa, Umdurman.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu da wannan jarrabawa. Wanda ya rasa warsharsa da mutanensa lokaci guda, dole zuciyarsa ta yi rauni, don haka ka daina yanke wa kanka hukunci da abin da ya faru a safiya ɗaya.

Mu fara da Wa'il. Ba zan wanke shi duka ba. Ya san halinka, ya kamata tun kafin a sa hannu a abinci ya gabatar da kai, ya faɗi cewa kai ka koya masa haɗa batir. Amma ka duba naka ɓangaren: baƙi suna hira ne da wanda ya zauna da su, kai kuwa ba ka zauna ba. Da aka ɗauke shi mai gida nan take ya gyara, kuma wanda ya ci amana ba ya ta kiran wanda ya cuta. Ka neme shi yau. Shaguna da asibiti sun fi ƙarfin mutum ɗaya. In tare yake so ku yi, ku yanke rabon kowa tun kafin ku hau rufi, kuma ya kai ka gaban Alhajin a matsayin abokin aiki. In wata magana ce daban, ka gaya masa abin da ya yi maka zafi, ka huta da zargi.

Shawarar Mariyamu mai kyau ce, taron ne ya yi maka yawa. Ka sake, amma da mutum biyu ko uku, shayin la'asar ya isa. Wani ya riƙa kai da kawo, kai ka zauna. Tun farko ka ce musu kana da in'ina, su jira ka. Da an faɗe ta tsoronta yana raguwa. Ka ajiye batir da wayoyi kusa, ka nuna musu aikin da hannunka, a nan ka fi ƙarfi. Alhaji Salih kuwa ya ji kunyar kuskurensa, ba zai manta fuskarka ba, ka je shagonsa ka gaishe shi.

Ka zauna da matarka ka gaya mata abin da ka gaya mini, shirunta na damuwa ne. In ƙuncin nan ya ci gaba da hana ka fita, ka ga likita, ba abin kunya ba ne.

Allah ya mayar maka da abin da ka rasa, ya buɗa maka, ya zaunar da ku a naku gidan lafiya.

Malam Badaru