Tonkan Hamida

Lahadi, 12 ga Mayu, 2024

Yau mutanen Argungu sunka zo kwasar kayan Hamida. Matata. Tun cikin azumi ta rasu, amma har yanzu hannuna bai yarda ya rubuta "marigayiya" gaban sunanta ba.

Na zauna zaure ina amsa gaisuwa, su kuma suna ciki suna naɗe zannuwa. Da sunka tafi na shiga madafi, na iske wata 'yar kwalba cike da toka bisa katanga, babu wanda ya kula ta. Na zazzage a tafin hannu. Irin tonka ne ajiye cikin tokar, abin da mutanen Kano ke ce ma barkono. Nata. Wanda ta zo da shi daga gidan Inna Kulu, mahaifiyarta, take shukawa bayan ɗaki kowace damina. Siriri, dogo, bakinsa a lanƙwashe kamar ƙugiyar kifi. Bara ba ta shuka ba, ciwo ya hana.

Ni Labbo, da na tsufa a dillancin albasa da tonka a kasuwar Birnin Kebbi, ban taɓa binne ƙwaya ɗaya a ƙasa ba.

Talata, 14 ga Mayu

Na raba irin biyu. Ɗan kasuwa ba ya baje hajarsa duka rana ɗaya.

Alhamis, 16 ga Mayu

Malami ya kawo albasa daga Gulma, na tare shi bakin rumfa. Abokina ne tun muna yara, manomin shinkafa ne na ji da gani. Na ce ina son in yi renon tonka.

Ya yi dariya har da dafa buhu. "Kai? Labbo mai bakin ganga? Kai da ko ciyawa ta gan ka sai ta nemi la'ada?"

Da na gaya mai ko na wane ne sai ya haɗiye dariyar. Ya biyo ni gida Nassarawa da la'asar, ya tuɓe riga, ya yi min fangali bayan ɗaki, ya tayar da gefensa yadda zai riƙe ruwa. Ya ce, "Shuka ba ta ƙin ruwa. Ka cika shi safe da maraice. In sun fito ka watsa masu ɗan takin zamani, ka ga aiki."

Munka watsa rabin irin. Ya ƙi tsayawa cin abinci. Ya san abincin saye ne.

Litinin, 27 ga Mayu

Sun fito. Ƙananan kunnuwa biyu-biyu, kore shar. Na tsuguna ina kallo har rana ta kore ni. Na juya in kira Hamida.

Asabar, 1 ga Yuni

Na watsa taki, na cika fangali da ruwa har yana sheƙi. A kasuwa yau na sayar ma wani Bayarabe albasar da ta fara tsiro a matsayin sabuwar cira, ya tafi yana gode min. Baki bai mutu ba. Shi kaɗai ya rage.

Laraba, 5 ga Yuni

Sun kwanta. Duka. Gindin kowane ya yi baƙi ya tsuke kamar zare, ka taɓa ya rabu da ƙasa. Na ɗauko ɗaya a yatsa, ba shi da nauyin komai.

Na kira Malami a waya na zazzage mai. Ya ce, "Wallahi haka nike ma shinkafa." Na ce ai shi ya sa, kowa a ƙasar nan in ka ba shi jariri ma fangali zai yi mai. Bai rama ba. Gara ya rama.

Ban je kasuwa ba.

Juma'a, 7 ga Yuni

Argungu. Na ce in je in roƙi wani irin wurin Inna Kulu, in ajiye rabin da ya rage min.

Na tuɓe takalmi tun ƙofar gida, na durƙusa nesa da tabarmarta. Ta rame. Munka gaisa doguwar gaisuwa, kowa na kallon ƙasa. Da na zo da maganar sai ta ce, "Ayya, Malam. Ai babu. Ruwan da ya ci bayan gidanga shekarun baya ya tafi da nawa. Wurin ɗiyata ni ma nike cewa zan amso."

Ke nan abin da ke cikin kwalbar nan shi kaɗai ya rage. Kakar Hamida ta shuka shi, Inna ta shuka, Hamida ta shuka. Ya faɗo hannun dillali.

Ban ɓoye mata abin da ya sami rabin farko ba. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce tonka ba ya son ƙafarsa cikin ruwa. A tayar mai da ƙasa, a rufe da ɗan bunu, a yayyafa ruwa da hannu kamar mai yayyafa ma tsakar gida kafin shara. Tana faɗa tana nunawa da yatsu. Yatsun irin na Hamida ne. Na tashi ban shirya ba.

Lahadi, 9 ga Yuni

Na rushe fangalin Malami, na tara ƙasa tudu. Na shuka sauran. Kwalba ta zama wayam.

Lahadi, 16 ga Yuni

Babbar Sallah. Na yanka rago, na raba shi kaf. Hantar ma na ba Judith maƙwabciyarmu, ita da ta riƙa kwana asibiti da Hamida. Ta leƙa bayan ɗaki ta ga bunu ta ce, "Baba Labbo, kai ma ka zama manomi?" Na ce ina gwada wata sabuwar hanyar yin asara ce.

Ba abin da ya fito tukuna.

Talata, 25 ga Yuni

Shida. Cikin duk abin da na zuba. Irin ya kwana biyu, ba laifinsa ba ne. Biyar a tsakiya, ɗaya can gefe wajen magudanar ruwa.

Juma'a, 5 ga Yuli

Ƙadangaru. Na dawo masallaci na iske wani jan-gwada zaune bisa tudun yana gyaɗa min kai kamar mai bina bashin gaisuwa. Ya cinye biyar ɗin tsakiya, ya bar tsinke. Na jefe shi da takalmi, na jefe shi da buta, na zage shi har kakanninsa. Judith ta leƙo ta katanga, ta ga fuskata, ta koma.

Saura na gefe. Na kife mai tsohon kwando.

Alhamis, 18 ga Yuli

Yana nan.

Asabar, 10 ga Agusta

Ya kai gwiwata. Ina tashi in duba shi kafin in yi komai, in na dawo kasuwa in duba shi kafin in cire hula. Ranar da anka yi ruwan nan mai iska na tsaya kansa da faifai kamar mahaukaci. Ina mai magana. Ba wata magana ba, farashin albasa, wanda ya zo kasuwa, wanda ya mutu. Abin da nike gaya ma Hamida dai in na dawo, tana tankaɗe tana cewa, "Kai dai Allah ya shirye ka."

Malami ya zo ya tsaya nesa, hannuwa a baya. Ya ce ya yi kyau. Na ce kada ya matso, inuwarsa ma ruwa gare ta. Ya yi dariya, ni ma.

Laraba, 28 ga Agusta

Fure. Farare, ƙanana, suna kallon ƙasa.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na gani tun makon jiya, na ƙi rubutawa.

Ba shi ba ne. 'Ya'yan sun fito masu kauri, miƙaƙƙu, baki a tsaye. Shambon kasuwa ne, irin wanda ake kawowa buhu-buhu, wanda ko da ido rufe na san shi. Na juya su, na duba ƙasan ganye ko akwai mai lanƙwasa ɗaya. Babu. Da wani ne zai iya ruɗin kansa. Ni wanga shi ne sana'ata.

Na zauna na yi tunanin yadda anka yi. Wajen magudanar nan Hamida ke tsugunawa ta wanke kayan miya, ta watsar da ruwan. Ko da ciwo ya ci ƙarfinta ba ta bari ba. Ƙwaya ce ta faɗi daga tonkan da nike kawo mata daga rumfa, ta kwanta cikin ƙasa har na zo na ba ta ruwa.

Nata ya ƙare tun ranar ƙadangare. Wata biyu ina hira da ɗan kasuwa ɗan'uwana.

Litinin, 16 ga Satumba

Na ɗauko fartanya. Na tsaya. Na mayar.

Asabar, 5 ga Oktoba

Sun nuna ja. Na tsinki cikin hannu na kai Argungu, don Inna ta aiko sau biyu tana tambaya.

Duk hanya ina shirya abin da zan ce. Na sayar ma mutane abin da ya fi wannan wuya. Na durƙusa, na tura mata su cikin faifai, na ce, "Ga shi, Inna. Na Hamida."

Ta ɗauki ɗaya. Ta bi shi da yatsa har baki, inda ya kamata ya lanƙwasa. Ta karya, ta shinshina.

Ta ce, "Ina ya tsiro?"

Bakin da bai taɓa ba ni kunya ba ya tsaya. Na ce, "Wajen magudana. Inda take wanke kayan miya."

Ta goge ido da bakin mayafi. Sai ta ware manya biyu gefe ta ce, "Waɗanga ba na miya ba ne. A inuwa za a shanya su, kada rana ta kashe ƙwayar."

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na ce ma Malami ya zo min da takin shanu daga Gulma, busasshe. Ya ce na mi? Na ce ƙasar bayan ɗaki ce ke zaman banza.