Takardar da ta fitar da kai

Aƙiƙ, Madina
14 ga Rajab, 1420

Zuwa ga ƙanena Abdussamad,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da matarka Hajo da jaririnku. Allah Ya raya shi cikin Musulunci, Ya sauƙaƙa muku sanyin Amirka da ka ce ya fara shigowa. Mu nan mun gode Allah. Maigidana Isah yana nan yana fama da kayan alhazai a filin jirgi, bayansa ne kawai ke damunsa. 'Yata Wafa ta shiga aji shida, har yanzu in na yi mata Hausa da Larabci take amsa mini, kamar kuɗi ake biya kafin a yi Hausar. Inna kuwa ciwon sukarin ya ƙara cin idonta, ƙafar hagun ma ta ƙi warkewa. A kanta zan yi maka magana, kuma ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Takardunka sun iso, duka biyun: wadda lauyanka ya rubuta wa cocin Kiristocin nan da ake kira Momon yana sanar da su ka fita, da amsar da suka aiko cewa sun cire sunanka daga rajistarsu. Na san wata nawa ka yi kana zirga-zirga a kansu, kuma na san ni na matsa maka. Ka sha gaya mini cewa shekara biyar ke nan da ka dawo kana sallah, Allah Ya sani, to mene ne na lauya. Ni na ce maka Baffa Ƙasimu ya rantse ba za ka taka gidan nan ba muddin sunanka na cikin littafin mutanen. Ka san mu a garin nan, ko mutum ya mutu ba a yarda ya mutu sai an ga takarda da hatimi. Don haka na ɗauke su na kai wani ofishin tarjama a Anbariyya, aka juya su zuwa Larabci, aka buga hatimi, na kai wa Baffa. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau ya yi kuka. Ya ce khalas, magana ta ƙare, a gaya wa yaron nan ya zo ya yi azumi a gida. Wallahi ranar nan ban taɓa jin sanyi a raina irin haka ba.

To, ga inda abin ya lalace. Ka san shekara goma sha ɗaya ke nan ni da Baffa kaɗai muka san abin da ya faru da kai. Inna, karatu muka ce mata, da karatu ya ƙare muka ce aiki, da aiki ya tsufa muka ce takardun zama. Baffa don murna sai ya gaya wa Gwaggo Fatna, ya ba ta takardun ta gani, amma ya manta bai ce mata Inna ba ta sani ba. Ita kuma Gwaggo ta ɗauka duk shekarun nan Inna na sane, kawaici ne ya hana ta magana. Ka san ta da son a ce ita ta fara kawo labari. Bayan la'asar ina ɗaure wa Inna ƙafa sai ga ta ta faɗo ko mayafi bai zauna mata daidai ba, tana yi wa Inna albishir. Inna ta yi dariya ta ce goro, har ta lalubo kwalbar turarenta ta miƙa mata tukuici tun kafin ta ji mene ne. Sai Gwaggo ta ce Abdussamad ya fita daga coci, ga shaida nan da hatimi.

Inna ta tambaye ta wane coci. Ina ta yi wa Gwaggo ido, ina taka mata ƙafa, ita kuwa ta ɗauka tsufa ne ya sa Inna mantuwa, sai ta buɗe takardar lauyan ta shiga karanta mata da ƙarfi. Lauyan naka kuma mutum ne mai tsare aiki, bai bar komai ba: sunanka, sunan Baba, ranar haihuwarka, da ranar da aka yi maka baftisma a shekarar 1988. Kafin takardar nan babu wani abu a ƙasar nan da ke nuna ka taɓa shiga. Ni da hannuna na kai aka fassara shi zuwa harshen da kowa zai gane.

Inna ba ta yi kururuwa ba, ba ta zage ka ba, da ta yi hakan ma da ya fi mini sauƙi. Lissafi ta shiga yi da yatsu. Ta ce ashe lokacin da Baba ya rasu kana da shekara uku a can ciki. Ta ce ashe kaset ɗin da ka aiko, kana cewa ka yi wa Baba salatul ga'ib ka sauke masa Alƙur'ani, wanda ta riƙa kunna wa masu zuwa ta'aziyya, a can ciki ka ɗauke shi. Sannan ta juyo wajen da take jin numfashina ta tambaye ni ko na sani. Na ce na sani. Ta janye ƙafarta daga cinyata, ta ce Gwaggo ta ƙarasa ɗaurin.

Yau kwana ashirin da uku. Baffa ya zo sau huɗu yana gaya mata cewa wanda ya tuba kamar wanda bai yi zunubi ba ne, kuma ga takarda. Ta ce ta ji, tsakaninka da Ubangijinka ba ruwanta, tana ma roƙa maka karɓuwa. Amma ta ce ita ba lauya gare ta ba, ba ta san wanda za ta rubuta wa ya cire mata shekara goma sha ɗaya da 'ya'yanta biyu suka yi suna mayar da ita sakarya. Ni ma sai dole take yi mini magana, in ta nemi ruwa ko magani. Labarin kuma ya fita, ka san bakin Gwaggo. Mata suna zuwa duba ƙafa, amma ba ƙafar suke kallo ba.

Na tambaye ta maganar zuwanka da azumi. Ta ce gidan Baffa gidan Baffa ne, ya sauke wanda ya ga dama, amma ɗakinta kada a shigo mata da kai. Likita ya ce ƙodarta ta fara gazawa, kuma yadda ya yi maganar bai ba ni ƙarfin gwiwa ba. Ina jin tsoro, Abdussamad. Ina tsoron ka zo ka tsaya a bakin ƙofa ta ƙi, ina kuma tsoron ka jira ta huce, jiran ya fi ta tsawo. Ni da kullum nake da shawarar ba ka, yau ba ni da ita. Haushi nake ji, na Gwaggo, na Baffa, naka, amma nawa ya fi yawa.

Ka gaishe mini da Hajo, ka ce ta yi haƙuri da dangin da ba ta taɓa gani ba. Baffa Ƙasimu yana gaishe ka, ya ce ka yawaita istigfari. Isah da yara, Wafa da Suhaib, suna gaishe ka. Gwaggo Fatna ma tana gaishe ka, tana neman gafararka. Na gaya wa Inna ina rubuta maka, na tsaya da biro a hannu ina jira. Ba ta ce in gaishe ka ba, kuma na daina yin ƙarya da sunanta.

Wassalam. Yayarka,
Khalida