Gaisuwar da Ta Cinye Maganar Gona

Zuwa ga Yaya Uzairu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri, amin. Mu nan Rano lafiya lau, ƙafar Inna ta yi sauƙi har tana fita unguwa.

Maganar kwamfutar da ka aiko wa Yaya Murtala ce ta sa na ɗauki biro, kuma ka yi haƙuri, raina a ɓace yake. Ita na'urar ba ta da laifi. Mun ɗaure maɓallin nan guda a ƙarshen gado, daidai babban yatsan ƙafarsa ta dama, tunda shi kaɗai hatsarin ya bar masa, ba hannu ba baki. A allon kwamfutar haske yana bin layukan haruffa ɗaya bayan ɗaya, in ya zo kan layin da yake so ya taka, sai ya bi harafi-harafi, ya sake takawa. Cikin sati uku ya ƙware, har ya rubuta wa matarsa Mu'minat cewa tun bara gishiri ke yawa a miyarta. Ranar mun yi dariya har da hawaye.

To, matsalar ɗan'uwanka ce da manyanmu. Ranar Asabar Kawu Maharazu ya zo da dattawa uku daga garin Fammar kan maganar gonar Murtala, wai a ba Manu ɗan Kawun ya noma, tunda damina ta ƙarato. Ni na san Murtala ba ya so. Ya riga ya rubuta mini cewa Mu'minat ta riƙe gonar da 'yan ƙwadago, shi yana ba da umarni daga gado. Tun da safe na ja masa kunne ya fara da maganar gona. Ina! Ka san shi da ladabi, a dole sai ya gai da kowane dattijo da sunansa, da Alhajinsa, da ina kwana, da yaya iyali. Hasken kuwa ba ya sauri don kowa, in ya kuskure harafi sai ya jira ya zagayo. Kafin ya gama da mutum na uku shayi ya huce, gumi ya jiƙa masa riga.

Sai tausayi ya kama Kawu, ya ce a daina wahalar da marar lafiya, ai sun gane, albarka yake sa wa shawarar. Ya miƙa hannu ya janye maɓallin daga ƙafarsa, wai ya huta. Wallahi ji na yi kamar in kurma ihu, amma wa ya isa ya katse Kawu a gaban baƙi? Aka shafa fatiha aka watse. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Da na mayar masa da maɓallin, ka san abin da bawan Allahn nan ya fara rubutawa? Wai saura Malam Isiyaku, ɗaya daga cikin dattawan, bai gaishe shi ba. Na ce zan adana masa gaisuwa a cikin kwamfutar ya riƙa fito da ita da taki ɗaya, ya ƙi, wai gaisuwar ajiya ba gaisuwa ba ce. Na yi ta faɗa har na gaji. Yana ƙyale ni, yana takawa, sai na duba na ga ya rubuta: "Shekara guda ina shiru. Yau na samu baki, an ɗauke."

Ranar Juma'a za su miƙa wa Manu gonar. Don Allah ka kira Kawu kafin nan, kai yana jin maganarka. Ka ce su dawo su zauna, ko da yini za a yi, kuma kada wanda ya sake taɓa maɓallin nan.

Inna da Mu'minat suna gaishe ka. Ka gai da Anti Bushra da Amiru da Rahma. Murtala ma ya gaishe ku, kowa da sunansa.

Taka ƙanwa,
Ramlatu