Takardun Bangon Shagon Baba

Zuwa ga ƙanena, Autan Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka da 'yarku, Allah ya sa haka, amin. Mu nan sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma hawa bene ba tare da ta tsaya hutawa a tsakiya ba, sai dai likita ya hana ta gishiri, ita kuma ta ɗauki hanin a matsayin shawara. An mayar da maigidana aikin safe, yarana kuma sun gama jarrabawa. Na san za ka yi mamakin ganin rubutun hannu a cikin ƙunshin nan alhali kullum muna tare a waya. Da gangan na yi. Abin da zan faɗa maka ba na so ya shiga wayarka, domin na ga abin da kake yi da duk abin da ya shiga cikinta.

Ka fi kowa sanin cewa tun da 'yarka ta fara magana Baba bai taɓa yin hira da ita ba. Shekararta takwas, ba ta jin komai sai Sifaniyanci, yaren uwarta da na makarantarsu, kai kuma kullum cewa kake za ka koya mata Hausa idan aiki ya yi sauƙi. Sunan mahaifiyarsa ka sa mata, shi ya sa yake ce mata Uwata, amma duk kiran bidiyon da za a yi iyakarsa ya ɗaga mata hannu ta ɗaga masa. Abin da ba ka sani ba, don ya hana mu gaya maka, shi ne wata bakwai ke nan Baba yana zuwa koyon Sifaniyanci. Wata tsohuwar tafinta da ta bar aiki ce take koyarwa a wani ɗaki da ke saman kantin magani. Duk Talata da Alhamis da hantsi, tela mai shekara saba'in da ɗaya yakan rufe shagonsa, ya hau wannan bene, ya zauna a benci tsakanin 'yan mata masu neman aikin otal, da littafinsa da fensirinsa.

Malamar ta so ta bi da shi a hankali, gaisuwa da tambayar suna da ƙirga, ya kuma koye su. Amma ran da ya ga wani jadawali a bangon ajin ya tambaya, ta gaya masa cewa kowace kalmar aiki a yaren tana sauya kama bisa ga mai yin aikin da lokacin da aka yi shi, sai ya ce ashe nan ainihin ɗinkin yake, gaisuwar nan duk ado ce. Ka san Baba. Ya ba ta labarin maigidansa da ya sa shi ramin maɓalli shekara guda cur kafin ya bar shi ya taɓa almakashi, ya ce shi haka ya san koyo, a kama abu ɗaya a gama da shi. Ta yi ta fama da shi, ya kafe. Da ta gaji ta ce to ya zaɓi kalma, sai ya zaɓi coser, wato yin ɗinki, wai ita ce ba za ta ba shi kunya ba tunda shekara hamsin suna tare.

Da ka ga shagon a watannin nan. Takardar buhun siminti da yake zana yankan riga a kanta ita ya riƙa rubutawa da manyan baƙaƙe yana mannawa a bango, tun daga saman teburin guga har bayan ƙofa. Ni aka ɗora wa aikin biya masa in na taso daga aiki, ni da ban taɓa cewa ina son yaren kowa ba. Coso, coses, cose, cosemos, coséis, cosen: ina ɗinki, kana ɗinki, yana ɗinki, har mutum shida. Wannan na yanzu ne kawai. Na abin da ya wuce iri biyu ne, wanda aka yi aka gama da wanda aka saba yi. Akwai na gaba, akwai na ba da umarni, akwai na fata da kokwanto, akwai na da a ce. Na ce masa mutanen nan ba su da aikin yi ne, kalma ɗaya riga sama da hamsin, sai ya ce in riƙe takarda in yi shiru. Da ƙafarsa a kan keke yake haddar, kowane taki kalma ɗaya, har masu kawo ɗinki suka saba. Wuri ɗaya ne yake ba shi wahala, cosisteis, kun ɗinka. Kullum in ya iso nan sai harshensa ya sarƙe, ya tsayar da keken ya yi tsaki. Duk wannan wahala kuwa saboda jimla biyu ce: ya ce wa Uwar tasa zai ɗinka mata riga, ya tambaye ta launin da take so.

Ranar Asabar ɗin da ka kira, tun da safe ya je aski, ya sa rigar da yake zuwa gaisuwa da ita, ya sa na goge gilashin wayata sau biyu. Sauran kai ma kana nan. Ya gaishe ta da yarenta, ta zaro ido don murna, ta sako masa magana kamar an buɗe famfo. Ita yarinya ce, ta zaci kakanta ya iya ne gaba ɗaya. Ina tsaye a gefensa ina ganin gumi yana keto masa, jimlolin nan biyu sun ɓace masa ɓat. Da ya buɗe baki abin da ya fito shi ne abin da ya fi zama a kansa, ya fara daga coso ya bi layi kamar ɗan aji ɗaya, hannunsa yana bugun gwiwa maimakon keke. Kai kuma ka fashe da dariya har wayar tana rawa a hannunka, ka ce za ka sake kira, ka kashe. Ba ka sake kira ba.

Da a nan abin ya tsaya da na ce dariya ce ta kufce maka, kowa tana kufce masa. Ashe naɗa kake yi. Kafin la'asar ka jefa bidiyon a guruf ɗin dangi, mutum sittin da wani abu, da hotunan fuskokin dariya a jere, ka rubuta wai Baba ya zama furofesa. Auta, ban taɓa jin ƙyamar wani abu da ɗan'uwana ya yi ba kamar wannan. Kuma ba kai kaɗai ba. Ɗan Gwaggo, wanda Baba ya ɗinka wa kayan makaranta tun daga aji ɗaya har ya gama, shi ya sa wa bidiyon kiɗa ya sake turowa. Matar Kawu, wadda ko alamar asibiti sai an karanta mata, ta turo murya tana ƙyaƙyatawa wai tsufa ya zo wa Baba da sabon salo. Mutanen da ko wasiƙar Hausa ba za su iya rubutawa ba kuskure ba, su ne suke yi wa tsoho dariya don ya yi tuntuɓe a yaren da ya shiga saboda jikarsa. Na fita daga guruf ɗin a ranar, kada kuma wanda ya mayar da ni.

Na so in ɓoye wa Baba, amma abin da ya shiga waya sittin ba ya ɓoyuwa. Ran Litinin mai sayar da zif da zare na bakin layi ya ƙetaro da wayarsa yana washe baki, ya nuna masa bidiyon mai kiɗan, wai ya zaci zai ji daɗi ya yi suna. Mai wanki na kusa da shi ya daina yi masa ina kwana, sai dai ya ɗaga murya ya ce koso. Baba ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya miƙa wa mai zif wayarsa, ya tambaye shi ko baƙin zare mai ƙarfi ya iso. Da na zo da yamma na tarar da bango fes, sai guntayen gam. Talata ta wuce, Alhamis ta wuce, bai hau benen nan ba. Yau mako uku ke nan, malamar ta aiko sau biyu tana tambaya, ya ce a ce mata ɗinki ya yi yawa.

Don haushi na kalli bidiyon nan ya fi sau ashirin, kuma a nan na ga abin da kai da kake tsaye a bayanta ba ka gani ba. 'Yarka ba ta yi dariya ba ko sau ɗaya. Da Baba ya fara sai ta matso da fuskarta, bakinta yana motsi tare da nasa. Na kai wa malamar ta gani, ta ce ai haka ake sa yara su biya a makarantunsu, yarinyar ta gane karatun ne take bin sa. Da ya iso wurin nan da yake sarƙewa, ka saurara da kyau a ƙarƙashin dariyarka, za ka ji wata 'yar murya ta ce cosisteis a hankali, ta jira shi. Shekara takwas, wannan ne karon farko da suka faɗi abu ɗaya tare, kai kuwa a daidai nan ka kashe waya. Na gaya wa Baba, ya ce in bar lallashinsa, shi ba yaro ba ne.

Rigar da ke cikin ƙunshin nan ita ce wadda bai samu ya yi mata alkawarinta ba. Shi da kansa ya ce in buɗe masa bidiyon, amma in cire sautin. Ya sa na tsayar da shi a inda ta miƙe tsaye kusa da ƙofa, ya kwatanta tsayinta da mariƙin ƙofar, ya dubi faɗin kafaɗarta, da ido ya yi awon. Launin kuma tunda bai samu tambaya ba, ya bi ruwan ɗorawar ƙyallen da ke kanta. Takardun da ya cire daga bango su ya shimfiɗa a tebur ya zana yankan a kansu, ina kallo almakashi yana bi ta tsakiyar karatun wata bakwai. Na tsince su daga kwandon shara ba da saninsa ba, suna ƙarƙashin rigar. Ka ba ta su, za ta iya karanta abin da ya rage.

Ba na neman ka rubuto mini doguwar ban haƙuri, ba ni ka yi wa ba. Ka goge abin nan, ka gaya wa ɗan Gwaggo ya goge nasa. Ran Asabar da hantsi zan je shago da wayata. Ka kira, ka sa mata rigar, ka miƙa mata wayar, ka fita daga ɗakin ka ja ƙofa. Ko coso za su yi ta biyawa har azahar, ba ruwanka. Maganata ba ta mayar da shi ajin nan ba, ta malamar ma ba ta yi ba, in akwai wanda zai iya to ita ce. In kuma Asabar ta wuce ba ka kira ba, na san Baba, ba zai ƙara buɗe bakinsa a gabanta ba, zai koma ɗaga hannu har Allah ya yi ikonsa.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, na ji muryarta a bidiyon tana ce maka wani abu, ban san yaren ba amma na san faɗa in na ji shi, Allah ya yi mata albarka. Ka shafa mini kan Uwar Baba. Inna tana gaishe ku, maigidana da yara ma haka. Da zan rufe ƙunshin na tambayi Baba ko yana da saƙo. Ya ɗan jima yana zura zare a allura, sannan ya ce a gaishe ka, ya bar kalmasa mai faɗi a ƙasan rigar saboda girma. Ya ce in kuma rigar ba ta yi mata daidai ba, don Allah ka gaya masa shi kaɗai.

Taka har kullum, duk da haushinka da nake ji,
Yayarka.